Baƙo da Ƙwallon Masu Gari: Shiru Yana Tsare Mutum?

Tsohon Ɗalibin Azhar: Jama'a, ina nan a kan bakana. Wanda ke zaune a ƙasar mutane ba ruwansa da ƙwallonsu. Ina Alƙahira a Nuwamban 2009, lokacin da Masar da Aljeriya ke neman gurbin zuwa gasar cin kofin duniya. Tun kafin wasa aka yi wa motar 'yan wasan Aljeriya ruwan duwatsu, uku suka ji rauni. Ranar 14 ga wata Masar ta ci 2-0, ta biyun Emad Moteab ya zura ta a minti na 95, gari ya rikice. Mu muna cikin Madinatul Bu'us, masaukin ɗaliban Azhar baƙi, a zaune. Ko ƙwarzane babu wanda ya samu.

Mai Shago a Ataba: Allah gafarta Malam, kai kana da katanga da mai gadi. Ni fa da sai na fita neman na tuwo? Kafin ka gama zama a tasi direba ya jefo maka tambaya, kai da wa kake? Ka ce ba ka kallon ƙwallo, sai ya ɗaure fuska har ka sauka. Ni dai tutar Masar na saya na rataya a ƙofar shago.

Tsohon Ɗalibin Azhar: Wannan ai fuska biyu ce, Alhaji.

Mai Shago a Ataba: In ka je gari ka ga kowa da wutsiya, nemi taka ka ɗaura.

Ɗan Omdurman: Ku biyun duk kun tsallake rabin labarin. Da maki da ƙwallaye suka zo daidai, garinmu Omdurman na Sudan aka kawo wasan raba gardama, ranar 18 ga wata a filin Al-Merrikh. Jirage suka yi ta sauke magoya baya. Antar Yahia na Aljeriya ya ci ɗaya kafin hutun rabin lokaci, a haka aka tashi. A daren nan tashoshin Masar suka ɗauka cewa an far wa mutanensu kuma Sudan ta zuba ido, har sai da Khartum ta kira jakadan Masar ta nuna masa ɓacin ranta. To Malam, Bahaushe a titin Alƙahira ai Basudane ake ɗaukarsa. Ƙanena yana can a lokacin, bai ce uffan ba, amma ya sha baƙar magana a layin biredi.

Maman Yara: Yaya ya faɗi gaskiya. Kuma ku daina cewa ƙwallo ce kawai. 'Ya'yan Mubarak, shugaban Masar na lokacin, su biyu, Alaa da Gamal, suna filin nan. Masar ta janye jakadanta daga Aljeriya, a unguwar Zamalek ta Alƙahira kuma aka yi arangama da 'yan sanda kusa da ofishin jakadancin Aljeriya. Can Aljas an farfasa ofisoshin kamfanin waya na Djezzy da na EgyptAir don kawai na Misirawa ne. Ma'aikatan da suka kwashi iyalansu suka gudo gida, me suka faɗa? Ni abin da na sani, ranar irin wannan wasa yarana ba sa leƙa waje, kuma cefanen kwana biyu nake yi.

Tsohon Ɗalibin Azhar: Hajiya, kin dawo kan maganata ke nan. Su waɗancan ƙasarsu ce ke wasa. Mu kuwa 'yan kallo ne.

Maman Yara: A'a Malam. Kai ka ce shiru ya isa, ni na ce kulle ƙofa. Ba ɗaya ba ne, kuma ba kowa ke da halin kullewa ba.

Mai Shago a Ataba: 'Yan kallo? Bayan wata biyu fa, a Angola, Masar ta haɗu da Najeriya a gasar cin kofin Afirka. Da Chinedu Obasi ya fara cin ƙwallo, an ce har bakin titi ana jin ihun 'yan ɗakinku.

Tsohon Ɗalibin Azhar: Wannan daban, ƙasata ce. Kuma ai 3-1 suka lallasa mu, washegari mai sayar mana da ful, waken Misirawa, har ƙari ya yi mini yana dariya. Kai fa, ranar ina ka kai tutar?

Mai Shago a Ataba: Tana nan a ƙofa. Ina ciki na rage muryar rediyo.