Kano zuwa Jidda: awa nawa ne a jirgi?

Ummu Khalil: Assalamu alaikum 'yan uwa. Hajiyarmu za ta Umra, tana da ciwon suga, ƙafa ma ba daɗi. Tikiti ya nuna tashi daga Kano 11:30 na dare, sauka Jidda 6:30 na safe, amma ejan ya ce tafiyar awa 5 ce. Wanne zan kama? Akwai kuma mai yada zango a Alƙahira, ya fi sauƙin kuɗi.

Baban Sadiq: Wa alaikumus salam. Duka biyun daidai ne, Hajiya. Agogon Saudiyya yana gaban namu da awa 2, shi kuma tikiti lokacin garin da aka tashi da na garin da za a sauka yake rubutawa. Daga 11:30 zuwa 6:30 awa 7 ce, cire 2, saura 5. Kano zuwa Jidda kusan kilomita 3,400 ne a miƙe, jirgi yana cin wajen 850 a awa, wato awa 4, sai a ƙara hawa da saukowa da gangarawa a titin jirgi. A dawowa za ki ga kamar awa 3 ce kacal, agogon ne dai.

Malam Ɗanladi: Ƙari a kai, miƙaƙƙiyar hanyar ta saman Chadi da Sudan take bi. Da yaƙin Sudan ya ɓarke a Afrilun 2023 aka rufe sararin samaniyarta, jirage suka koma zagaye, tafiyar ta ƙaru. Saboda haka abin da ke kan tikiti za ki bi, ba lissafin taswira ba. Na Alƙahira kuwa ban ba da shawararsa ga dattijuwa ba: Kano zuwa can kusan kilomita 3,100, sai wasu 1,200 zuwa Jidda, ga zaman jira a tsakani. Rarar kuɗin ba ta kai wahalar ba.

Anty Nas: Lissafin da ya shafi suga daga ƙofar gida yake farawa. Awa 3 kafin tashi tana filin Malam Aminu Kano, 5 a sama, layin shige da fice da jiran kaya a Jidda, sannan mota zuwa Makka, fiye da awa 1. Magani da insulin (allurar ciwon suga) su zauna a jakar hannu da takardar likita, kada a auna su da manyan kaya, sanyin wurin ajiye manyan kaya a jirgi na iya lalata insulin, jaka ma takan makara. A sa mata dabino ko alewa. Likita ya gyara mata lokacin allura saboda bambancin awa 2 ɗin nan. Keken turawa a nema wurin kamfanin jirgin aƙalla kwana 2 kafin tafiya, kyauta ne.

Malam Ɗanladi: Kuma idan Makka za ta fara, ta shiga jirgi da shirinta na harami, don a sama ake wuce miƙati. Ku gaya wa abokiyar tafiyarta ta saurari sanarwa, kada barci ya kwashe su.