Asabar ɗin da aka sa dokar hana fita a Sakkwato, me ya riƙe ku?

Maman Rifkatu: Salama 'yan'uwa. Jiya a Zumuntar Mata aka taɓo zancen Mayun 2022, bayan kashe ɗalibar nan 'yar'uwarmu Kirista, Deborah Samuel, a kwalejin Shehu Shagari, ranar Asabar 14 ga wata gari ya rikice Gwamna Tambuwal ya sa dokar hana fita ta awa 24. To kowa ya faɗi yadda ya kwana da abin da ya riƙe zuciyarshi. Don Allah ban da zagi. Ni dai a Mabera muke, maigida yana hanyar Zuru, ni da yara kawai, ga zafin nan na Mayu ba wuta ba damar buɗe taga, na kunna tocilan waya muna karanta Zabura 91, in mun kai ƙarshe mu sake komawa farko har ƙaramar ta yi barci a cinyata.

Ɗan Zuru: Mama sannu da ƙoƙari. Ni gaskiya addu'ar ma ƙin fitowa ta yi, sai "Yesu ka taimaka" kawai nake maimaitawa. Shagona na kusa da babbar kasuwa, na riga na cire rai da shi. Maƙwabcina musulmi, bawan Allah dattijo, shi ya ƙara kwaɗonshi a kan nawa ya zauna bakin ƙofar da butarshi, duk wanda ya tambaya sai ya ce shagon ɗanshi ne. Da ya kira ni ya ce "yaro kwanta, kayanka na nan" sai ga hawaye. Ni a wurina amsar addu'a ke nan, ta hannun wanda Ubangiji ya ga dama ya aiko ta.

Sista Lami: Mu Katolika abin ya taɓa mu sosai, an farfasa tagogi a babban cocinmu na Holy Family an kuma shiga cocin St. Kevin na Gidan Dare, Bishop Kukah ya ce a dakatar da Mas, wato sujadarmu ta Katolika, a cikin gari sai an ɗage dokar. Lahadin nan a tsakar gida muka yi sujada, mu da wasu iyali 'yan cocin ECWA da muke haya tare, ba fada ba fasto, wani malamin firamare ya karanta inda Yesu ya tsawata wa iska da raƙuman ruwa, muka yi waƙa ƙasa-ƙasa don kar a ji a waje. Da can gaisuwa kawai ke haɗa mu fa, har ɗan tsegumin "naku" da "namu" ana yi.

Bitrus: Ku yi haƙuri zan faɗi tawa. Ni lokacin fushi nake da Allah, ina cewa ina yake har aka yi wa yarinya haka? Iyayena na ta kira daga Kafanchan wai in tattaro in dawo. Fastonmu bai yi mini wa'azi ba, cewa ya yi annabi Habakuk ma ya tambayi Allah irin tambayar nan kuma ba a kore shi ba, in je in karanta littafinshi. Na karanta, sura uku ne kacal. Ban ce duk tambayoyina sun tafi ba amma ban bar garin ba, ban bar coci ba.

Maman Rifkatu: Bitrus ɗana ba kai kaɗai ba, da yawa sun yi wannan fushin sun ɓoye. Abin da ya ɗan sanyaya mini rai ma har da jin Sarkin Musulmi ya fito ya yi tir da kisan.

Kaka Saratu: Jikata ke rubuta mini. Ku yaran yanzu waya ce ke ƙara muku tsoro, kowane minti an turo hoto an ce ga su nan zuwa, rabi ƙarya. Ni ƙwace wayoyin na yi na zuba a kwanon sha na rufe da faifai, na ce duk mai son labari ya durƙusa tukuna. Tuwon dawa muka ci da miyar kuka, muka raba wa 'yan makaranta biyu da suka maƙale a gidanmu. Ɗaya daga cikinsu har yau in ya shigo gari sai ya kawo mini sabulu da omo.