Me ya haɗa ɓeran daji da cutar da kaska ke yaɗawa?

Ɗalibin Kiwo:
Assalamu alaikum. A darasinmu an ce ƙananan ɓerayen daji su ne tushen yaɗuwar cutar Lyme a Amurka. Abin ya ɗaure mini kai, domin kaska ce ke cizon mutum, kuma a jikin barewa aka fi ganinta. Ina roƙon masana su fayyace mini.

Likitar Dabbobi:
Wa alaikumus salam. Kaskar da ke yaɗa cutar, wato Ixodes scapularis, ba ta ƙyanƙyashewa da ƙwayar da ke haddasa cutar, Borrelia burgdorferi, a cikinta. Wajen shan jini take ɗaukarta. Tana ƙarama a ƙasa take zaune cikin busassun ganyaye, inda ɓeran nan mai fararen ƙafafu ke kai da komo, shi kuwa yakan daɗe da ƙwayar a jikinsa ba tare da ta kwantar da shi ba, sai ya riƙa shafa wa kaskokin da suka maƙale masa. Shekara na zagayowa kaskar ta riga ta yi saɓa, girmanta bai kai ƙwayar riɗi ba, kuma a wannan matakin ta fi cutar da mutane, saboda da wuya a lura da ita. Barewa tana ciyar da manyan kaskoki su hayayyafa, amma ba ita ke ba su ƙwayar ba.

Mai Nazarin Daji:
Masu bincike a jihar New York sun lura cewa idan itatuwan oak, waɗanda ɓeraye ke cin 'ya'yansu, suka zubar da 'ya'ya da yawa, ɓeraye kan ƙaru a shekara mai biyowa, haɗarin cutar kuma ya hau shekara 2 bayan zubar 'ya'yan.

Ma'aikacin Lafiya:
Ɗan'uwa, kada mu ɗauka matsalar ta Amurka ce kaɗai. A Senegal da Mali akwai kaska mai laushin jiki, Ornithodoros sonrai, wadda ke zaune a ramukan ɓeraye, har da na cikin ɗakunan kwana. Takan yi cizo da dare cikin 'yan mintoci ta koma rami, ta bar wa mutum ƙwayar Borrelia crocidurae mai haddasa zazzaɓin da ke tafiya yana dawowa. Abin da ke damuna shi ne sau da yawa akan ɗauke shi zazzaɓin cizon sauro, a yi ta ba majinyaci maganin da ba ya kashe wannan ƙwaya, alhali doxycycline na maganinta. Toshe ramukan ɓera a ɗaki da dafe daɓe da siminti suna rage haɗarin.