Musayar Waƙa a Kan Lambun Unguwa

Dattijo ya buɗe da amsa-amon "wa", ya ce duk mai amsawa ya bi shi:

Tsakanin dogayen benaye akwai wani ɗan lambu,
Wanda in rana ta karya nake zuwa domin hutawa.
Kwalta da siminti suna wuni suna shan zafin rana,
Da dare su amayar da shi har ɗaki ba ya kwantuwa.
Amma ƙarƙashin itatuwan nan iska mai sanyi ce,
Domin ganye yana fitar da laima, reshe yana ba da inuwa.
Kukana ɗaya ne, samari sun mai da wurin filin ƙwallo,
Jiya ta doki tabarauna har gilashin ya kusa fashewa.

Matashi:

Baba, a gafarce mu, ba da gangan muka yi ba,
Mun haɗa kuɗin gyara, gobe da safe muna kawowa.
Sai dai ka duba, ɗaki biyu gare mu a hawa na huɗu,
Babu tsakar gida, a titi kuma motoci ba sa tsayawa.
Kujerar da kake zama ma mu muka ɗaure ƙafarta,
Ko ba ka lura ba tun makon jiya ta daina girgizawa?

Uwar yara uku:

Baba, da kai ɗana, kuna gardama a kan ƙwallo,
Alhali an zo da igiyar awo filin duka ana aunawa.
Wai wurin ajiye motoci ake so a mai da shi,
A sare itatuwa, a zuba kankare a kan ciyawa.
Ƙasar nan ita ke shanye ruwan sama in ya yi ƙarfi,
In aka rufe ta, kwata za ta cika, ƙofofinmu zai nufa da malalowa.
Shekara biyar bango ɗaya ya raba ni da maƙwabciyata,
Sai a bakin lilon yaran nan muka fara gaisawa.

Dattijo:

'Yata, kin fi mu hangen nesa, na janye ƙarata,
Takardar koke zuwa hukumar birni yau da dare ina rubutawa.
Kai kuma ɗana, ka bi benaye ƙofa-ƙofa a sa hannu,
Ku ɗauki gefen gabas da maraice, ni gefen yamma nake komawa.
In za ku taho da kuɗin gyaran, ku haɗo da bokiti biyu,
Dashen da ke kusa da ƙofa kwana uku ke nan yana bushewa.