Wai ƙarfin santirifugal ɗin nan na gaske ne ko na bogi?

Mai_neman_sani:
Salam 'yan uwa, don Allah ku fitar da ni duhu. Malaminmu na fiziks ya ce wai babu wani ƙarfi santirifugal, na bogi ne. To amma ni in mota ta sha kwana da gudu ina jin an watsa ni jikin ƙofa har kafaɗa ta yi min ciwo, abin da babu shi ta yaya zai buge ni? Abin ya tsaya min a rai wallahi.

Injiniya_77:
Wa alaikumus salam. Malaminka bai yi ƙarya ba, kai ma haka, maganar ita ce daga ina ake kallo. Wanda ke tsaye bakin titi abin da yake gani shi ne jikinka na son ya wuce miƙe kamar yadda dokar Newton ta farko ta ce, motar ce ta karkata ta tare ka, ƙofa ke tura ka wajen tsakiyar kwanar, wannan turin shi ne santiripetal, girmansa mv²/r (m nauyin jikinka, v gudun mota, r nisa daga tsakiyar kwanar), shi ya sa in direba ya ninka gudu sau 2 turin sai ya ninka sau 4. Mazaunin wannan mutumin, wato inda yake kallo daga wurin, shi ake ce ma na inasha, ba ya juyawa, ba ya ƙara gudu ko ragewa. Kai kuma na cikin mota a ganinka kana zaune cak amma ƙofa na tura ka, to lissafinka ba zai tashi ba sai ka saka wani ƙarfi mai yin waje, shi ne santirifugal ɗin. Ni dai ban son kalmar bogin nan, ruɗa ɗalibai take. Abin nufi kawai ba wani jiki ba ne ke turo shi, juyawar mazauninka ce ta haifar da shi.

Mai_neman_sani:
Na gode yallaɓai, na fara ganewa. Amma ai duniyar ma juyawa take, kenan na bakin titin ma ba inasha yake ba?

Maman_Lissafi:
Madalla ɗana, tambaya ta yi! Gaskiya ba cikakken inasha ba ne, sai dai juyawar a hankali take, sau ɗaya cikin awa 23 da minti 56, ko a ikwaita inda abin ya fi ƙarfi wajen 0.034 m/s² ne kacal, ka gwada da 9.8 na jan ƙasa, don haka a lissafin mota ana share shi. Amma ana iya ganin sa fa. A 1851 Foucault, wani masanin fiziks ɗan Faransa, ya rataye ƙwallo mai kilo 28 da waya mai mita 67 a Paris, yana lilo, layin lilon na karkata kusan digiri 11 duk awa, alhali ƙasa ce ke juyawa ƙarƙashinsa. Wannan aikin ƙarfin Coriolis ne, shi kuma sai abu na motsi cikin mazauni mai juyawa yake bayyana, shi ke sa manyan guguwa a arewacin duniya suna juyi saɓanin hannun agogo, na kudu kuma akasin haka. In za ka yi lissafi ka fara rubuta mazaunin da ka zaɓa, in na titi ne kar ka kuskura ka zana santirifugal.