Daga filin wasan jami'a zuwa FBI: me ya kai Charles Tillman can?

Ɗan Katsina:

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena. Na ji an ambaci wani Ba'amurke mai suna Tillman, wanda ya buga ƙwallon zari-ruga irin ta Amurka a jami'a, ya yi suna a gasar ƙwararru ta NFL, sannan da ya ajiye wasa ya zama jami'in hukumar binciken manyan laifuka ta FBI. Shin shi ne Tillman ɗin da aka ce ya rasu a Afghanistan, ko kuwa wani ne daban? Tambaya ta biyu ita ta fi damuna: irin waɗannan 'yan wasa, sunansu da ƙarfin jikinsu ne ke buɗe musu ƙofar aikin tsaro, ko suna bin layi kamar kowa? Ina tambaya ne saboda ƙanena yana wasanni a makaranta, burinsa kuma aikin ɗan sanda, amma ya ɗauka ƙirar jiki kaɗai ta ishe shi.

Malam Habu:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Mutum biyu ne daban, kuma babu dangantaka tsakaninsu. Wanda ya rasu shi ne Pat Tillman, ɗalibin jami'ar Arizona State, wanda ya bar ƙungiyar Arizona Cardinals a 2002 ya shiga soja, aka kashe shi a Afghanistan a watan Afrilun 2004 da harsashin 'yan'uwansa sojoji bisa kuskure. Wanda kake nufi shi ne Charles Tillman.

An haifi Charles a Chicago ranar 23 ga Fabrairun 1981. Mahaifinsa sajan ne a soja, saboda haka ya tashi yana canza gari da makaranta duk inda aka tura uban. Ya buga wa jami'ar Louisiana da ke Lafayette daga 1999 zuwa 2002, kuma abin da ya karanta a can shi ne fannin shari'ar masu laifi. Ka riƙe wannan, domin a nan amsar tambayarka take. Ƙungiyar Chicago Bears ta NFL ta ɗauke shi a 2003, ya tsare mata baya har 2014, ya ƙara kaka ɗaya a Carolina Panthers inda ya ji rauni a gwiwa, ya yi ritaya a 2016. An fi saninsa da wata dabara: maimakon ya rungumi mai riƙe da ƙwallo ya kayar da shi, sai ya dunƙule hannu ya naushi ƙwallon kanta daidai inda take a hammatar mutumin, ta suɓuce ta faɗi ƙasa. Sau 44 ya sa abokan hamayya suka saki ƙwallo a tsawon zamansa a NFL, har da sau huɗu a wasa ɗaya da Tennessee Titans a 2012.

To amma FBI ba ta tambayar mutum ƙwallo nawa ya ƙwace. A lokacin da Tillman ya shiga, tana neman ɗan ƙasa mai digirin farko da gogewar aiki, wanda ya kai shekara 23, kuma a ƙa'ida sai an naɗa shi kafin ya cika 37. Tillman ya ajiye wasa yana da 35, wato lokaci ya kusa ƙure masa. Ya shiga makarantar horar da jami'ai da ke Quantico a jihar Virginia, ya zama cikakken jami'i a 2018. Da ya watsar da karatu tun yana jami'a, kamar yadda wasu 'yan wasa ke yi da zarar sun hango kuɗi, da sunansa bai tsinana masa komai ba a wannan ƙofa. Kuma ka sani cewa cikin masu buga wannan wasa a jami'o'in Amurka, waɗanda ake zaɓa zuwa NFL ba su kai biyu cikin ɗari ba. Galibin sauran sai su nemi abinci da takardar da suka fito da ita, kuma daga cikinsu ne ake samun masu shiga aikin 'yan sanda, gidan yari da kamfanonin tsaro ba tare da wata jarida ta ambace su ba.

Hajiya Turai:

Malam Habu, Allah ya ƙara sani. Ina da ƙari, kuma wataƙila ba zai yi wa masoya wasan daɗi ba. Wannan wasa ne da ake gwara kai da kai shekara da shekaru. A 2017 masu bincike a jami'ar Boston sun duba ƙwaƙwalen tsofaffin 'yan wasan NFL 111 da suka rasu, suka tarar da alamun cutar lalacewar ƙwaƙwalwa da ake kira CTE a 110. Gaskiya ne iyalan da suka ba da ƙwaƙwalen galibi waɗanda suka ga canji ne a halin mamatan nasu, don haka ba za a ce haka kowane ɗan wasa yake ba. Duk da haka, cuta ce da ake dangantawa da mantuwa, saurin fushi da rashin iya kame kai, kuma har yanzu ba a iya tabbatar da ita sai bayan mutuwa. Idan za a miƙa wa mutum bindiga da ikon tsare jama'a a kan hanya, ni a ganina wajibi ne a tsananta binciken lafiyar tunaninsa fiye da yadda ake auna gudunsa. Ba da Tillman nake ba. Ina magana ne a kan ɗabi'ar ɗaukar cewa duk wanda ya yi wasan ƙarfi ya dace da kaki.

Baba Tanko:

'Yata Turai, na yarda da rabin maganarki. Na daɗe ina shugabantar masu gadi a wani kamfani kafin na huta, kuma na ɗauki tsofaffin 'yan wasa aiki. Abin da suka fi kowa a kai shi ne zuwa a kan lokaci, jure tsayuwa, da karɓar gyara ba tare da kumbura fuska ba, domin sun saba koci ya tsawata musu a gaban mutane. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Inda na yarda da ke shi ne batun fushi. Na taɓa ganin wani ƙaƙƙarfan yaro a bakin get, direban tirela ya ƙi nuna takardar kaya yana ta zagi, yaron ya riga ya cafki kwalar rigarsa. Abokin aikinsa, siririn mutum, ya zo ya kira direban "maigida", ya miƙa masa ruwa, ya buɗe littafin shige da fice a kan bonet ya nuna masa layin da zai sa hannu. Kafin minti biyar takarda ta fito. Tun daga ranar, rubuta rahoto da iya magana nake fara gwadawa kafin na dubi damtse.

Su ma Amurkawan sun san haka. A Quantico akwai wani ɗan gari na kwaikwayo mai suna Hogan's Alley, da banki da shaguna, inda ake sa 'yan wasan kwaikwayo su fito a matsayin masu laifi da 'yan kallo, don a ga ko ɗalibi zai gane lokacin da bai kamata ya zare bindiga ba. Ita kanta NFL, da ta tashi neman shugaban tsaro a 2016, ba tsohon ɗan wasa ta ɗauko ba. Cathy Lanier ta ɗauka, wadda ta shugabanci 'yan sandan birnin Washington tun 2007.

A wajenmu kuma abin yakan zo ta wata fuska, domin hukumomin ne ke ɗaukar ɗan wasa tun yana ganiyarsa. Chioma Ajunwa 'yar sanda ce lokacin da ta ci wa Najeriya zinare a dogon tsalle a gasar Olympics ta Atlanta a 1996, kuma ta ci gaba da aikin har ta kai manyan muƙamai. A Nijar ma akwai ƙungiyoyin ƙwallon ƙafa irin su AS Police ta 'yan sanda da AS Douanes ta kwastam.

Ɗan Katsina:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Malam Habu, har yanzu Tillman yana FBI? Kuma me zan gaya wa ƙanena ya fi mayar da hankali a kai?

Malam Habu:

Ya bar aikin. A 2025 ya bayyana da bakinsa cewa ya ajiye ne saboda bai yarda da yadda ake amfani da jami'ai wajen samamen kama baƙin haure ba. Game da ƙanenka, kada ka hana shi wasa, domin gwajin gudu da juriya na nan kuma zai amfane shi. Sai dai ka duba sakamakon jarrabawarsa na Turanci da lissafi tun yanzu, ka tabbatar takardar haihuwarsa da ta shaidar ƙaramar hukuma sun dace da juna, sannan ku riƙa bibiyar sanarwar ɗaukar aiki don ku san iyakar shekarun da aka gindaya kafin ya wuce ta.