Ginin ne ke haifar da hayaniya ko mutanen da ke ciki?

Malamar firamare:
Assalamu alaikum. An sauya mini aji a wannan zangon, kuma yaran su ne dai waɗanda na saba da su, amma kafin a tashi muryata ta dushe, na layin baya kuma suna cewa maganata a cakuɗe take isa gare su. Sabon ajin yana da tayil a ƙasa, da manyan tagogin gilashi, da rufi mai tsawo wanda ba a yi masa silin ba. Shin laifin ginin ne?

Injiniyan gini:
Wa alaikumus salam, Malama. Kaso mafi tsoka na ginin ne. Sauti idan ya bugi siminti ko tayil ko gilashi ba ya mutuwa, sai ya dawo yana kai-komo a ɗakin har kalmar da kika furta ta hau kan wadda ke biye da ita. Wani masanin kimiyya mai suna Wallace Sabine ya fara auna wannan a Jami'ar Harvard a 1895, lokacin da aka ba shi aikin gyara wani zauren lacca da ba a jin magana a cikinsa. Ya riƙa shigo da matasan kujeru yana lura da yadda amon ke raguwa. Abin da ake aunawa shi ne lokacin da sauti ke ɗauka kafin ƙarfinsa ya sauka da desibel 60 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti), kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar sakan 0.6 ga aji. Ki tafa hannu sau ɗaya a ajin babu kowa, ki saurari jelar amon. Idan ta ja, ku fara da silin mai tsotse sauti, domin shi ne fili mafi girma da ba a amfani da shi.

Mai gidan abinci:
Na gani da idona. Da muka cire labule da teburan da aka shimfiɗa wa ƙyalle don wurin ya yi kyan gani, sai baƙi suka koma ɗaga murya: wannan tebur ya ɗaga don a ji shi, na kusa da shi ya ƙara, har ma'aikata suka riƙa kuskuren oda. Likitan Faransa Étienne Lombard ya bayyana wannan ɗabi'a tun 1911, kuma mutum ba ya ma sanin yana yi. Mun mayar da labulen, muka sa roba a ƙafafun kujeru, hayaniyar ta lafa.

Malamar firamare:
Na gode. Wani ya ba ni shawarar manna kwalin ƙwai a bango.

Injiniyan gini:
Kada ki wahalar da kanki, Malama. Kwalin ba shi da kaurin da zai tsotse amo sosai, ga kuma haɗarin gobara. Labule mai nauyi a bangon baya ya fi shi nesa ba kusa ba.